Ranar da Aka Ɗaure Anti Iwalani da Furanni

Ku matso nan inda inuwa take, ku kakkaɓe yashin ƙafarku ku zauna. Mai sauran mangwaro a hannu ya ƙarasa shan abinsa, ba sauri nake ba. Labarin Anti Iwalani zan ba ku, da ranar da mutanen da suka fi kowa ƙaunarta suka haɗa baki suka ɗaure ta da furanni.

Duk wanda ya tashi a Awaiki, can gaɓar yammacin tsibirin Oahu bayan an wuce Waianae, ya san ta. Gajeruwa ce kakkaura, furfura ta gama kanta, kullum da wata jar hula da rana ta cinye wa launi. Yawancin rayuwarta a kicin ɗin makarantar firamare ta yi shi, ita ce mai zuba wa yara shinkafa. Ta san yaron da yake zuwa ranar Litinin da yunwar Asabar da Lahadi, kuma in layi ya zo kansa sai ludayinta ya ƙara nutsewa cikin tukunya, ba ta ce masa komai ba. Allah bai ba ta haihuwa ba. Mijinta, Kawu Palani, tsohon direban bas ne da bakinsa ba ya hutawa, shi ya sa aka ba shi lasifika a gasar yara, tunda ko an hana shi sai ya yi magana.

A wasan hawan igiyar ruwa, wanda ake yi a tsaye kan dogon allo, ba ta taɓa cin kofi ba. Sau ɗaya ta shiga gasar manya ta zo ta huɗu.

"Cikin mata huɗu," in ji Kawu Palani, duk lokacin da aka tayar da zancen.

"Kai kuma na nawa ka zo, da kake bakin ruwa kana gadin takalman mutane?"

Aikinta a teku turi ne. Kowace shekara ana yin gasar yara a Awaiki, kuma 'yan ƙananan cikinsu hannunsu bai yi ƙwarin da zai tuƙa allo ya kamo igiyar ruwa ba. Sai yaro ya kwanta rub da ciki a kan allo, babba ya tsaya a bayansa cikin ruwa har ƙirji ya riƙe gindin allon, in igiya ta zo ya tura shi, yaron ya miƙe tsaye in zai iya. Uwa ce ke turawa, ko uba, ko kawu. To amma a Awaiki ba a rasa yaron da ubansa yana gidan yari, ko uwarsa tana gyaran gadaje a otal ɗin Waikiki ba a ba ta hutun Asabar ba. Irin waɗannan su ne 'ya'yan Anti. Ba mai rubuta sunansu a ko'ina, yaro ne zai tsaya shi kaɗai riƙe da allon aro yana kalle-kalle, sai ya ga jar hula ta nufo shi.

Ita ma haka aka same ta. Tana 'yar shekara takwas, ubanta yana saran rake, uwarta tana wankau, ba wanda ke da lokacin kai ta ruwa. Sai ta zauna a yashi tana kallon wata doguwar mata da ake kira Anti Momi, wadda ita kaɗai ce mace a can nesa cikin maza, inda manyan igiyoyi ke fashewa. A zamanin nan maza ba sa son ganin mace a wurin. Sukan tare mata hanya, sukan ce ta koma gida ta daka gwaza. An ce wata rana wani ƙato ya gaya mata haka, sai ta dube shi daga sama har ƙasa ta ce, "Ɗan nan, kakanninmu mata suna hawan ruwan nan tun kafin kakanka ya iya ɗaura bante." Ta juya ta kama igiyar da yake jira, ta bar shi yana share ruwa daga ido.

Wannan matar ce ta fito daga ruwa wata rana, da allonta na katako mai nauyin ƙyauren ɗaki, ta tsaya a kan Iwalani har inuwarta ta rufe ta.

"Ke 'yar wa ce?"

Ta faɗa.

"Kullum ina ganinki a nan. Kallo kika zo ko hawa?"

"Ba ni da mai tura ni."

"Yanzu kin samu. Tashi."

Anti Momi ce ta fara tara yaran unguwa ta haɗa musu gasa, da kyautar alewa da burodi. Da ta rasu aka yi mata abin da ake yi wa mutanen ruwa. Aka fita kan alluna zuwa bayan inda igiya ke fashewa, aka yi da'ira aka riƙe hannu, aka zuba tokarta da furanni. Tun ranar Iwalani ta ɗauki aikin turi, kuma ba shekarar da ta taɓa fashi.

To sai kafaɗarta ta dama ta gaji. Ludayi ya ci rabi, allo ya cinye sauran. Har ta kai ba ta iya kai hannu ta taje kanta, Kawu Palani ke yi mata, yana mita wai a tsufansa an mai da shi mai kitso. Likita ya duba ya ce jijiyar saura ƙiris ta tsinke, in ta sake tura wani abu da ƙarfi sai dai aiki, aikin ma ba tabbas. Kawehi ce ta raka ta asibiti, 'yar ƙanwarta, wadda nas ce kuma ita ma a hannun Anti ta fara miƙewa a kan allo. A mota suna dawowa Kawehi ta ce, "Anti, kin dai ji."

"Na ji. Yana da murya mai daɗi, yaron."

"Ba muryarsa nake nufi ba."

Anti Iwalani ta juya tana kallon teku ta taga. Abin da ba ta gaya wa Kawehi ba shi ne ta riga ta yi alkawari.

Akwai wata yarinya, Pomai, 'yar shekara bakwai, kakarta ke riƙonta, kakar kuma a keken guragu take. A gasar bara wani maƙwabcinsu ne ya ce zai tura ta. Mutumin kirki ne, amma mai gaggawa, ya tura ta cikin igiyar da ta riga ta fara karyewa. Kan allon ya nutse, ruwa ya naɗe yarinyar ya murza ta a yashi, ta fito tana amai da bakinta a fashe. Daga ranar ko gwiwarta ba ta yarda ruwa ya taɓa ba. Anti Iwalani ta lura da ita tana zama a daidai wurin da ita ma ta taɓa zama. Ta yi watanni tana lallaɓa ta, kowace Asabar. Farko suka tsaya a kumfa suna hira. Daga baya yarinyar ta yarda ta kwanta a kan allo a ruwa mara zurfi, Anti tana riƙe da allon da hannun hagu, ba turi, shawagi kawai. Da gasa ta matso, Pomai ta ce, "Zan shiga, amma sai in ke za ki tura ni."

"Ni ce."

"Ba wani ba."

"Na ce ni ce."

Labari ba ya ɓuya a Awaiki. Kakar Pomai ta gaya wa mai sayar da kifi, mai kifi ya gaya wa Kawu Palani, shi kuma ya kira Kawehi. Sun san in suka ce mata kar ta shiga, sun ƙara mata ƙaimi ne. Sai Kawehi ta yi wata dabara wadda sai 'yar ƙasar nan za ta yi tunaninta.

Kun san yadda muke da lei, sarƙar furannin da ake rataya wa mutum a wuya. Ba a ƙin karɓa, kuma ba a cire ta muddin wanda ya ba ka yana wurin, don kamar ka ɓamɓare hannunsa ne daga wuyanka bayan ya rungume ka. Ba a kuma shiga teku da ita haka nan, saboda zaren yana shaƙe kunkuru. Kawehi ta bi duk waɗanda Anti ta taɓa turawa suna yara, na kusa da na nesa, ta ce bana za a karrama ta, kowa ya zo da lei da ya kitsa da hannunsa. Sharaɗi ɗaya ta kafa musu, kada wanda ya tashi daga rumfar sai an gama gasar 'yan ƙanana.

Ranar gasa, rana ta fito da kyau, igiyoyi ƙanana masu ladabi, irin waɗanda ake roƙo don yara. An kafa rumfuna, ana gasa kaza, tukwanen shinkafa da na poi, dakakken gwazanmu, a jere, yara suna yawo da baki shuɗi da ja saboda ƙanƙara mai launi. Anti Iwalani ta iso da jar hularta da rigar ruwa a ƙarƙashin zani, sai ta ji muryar mijinta a lasifika.

"Jama'a, a ba da hanya. Ga ta huɗu cikin huɗu nan ta iso. Yau ba ta aiki, yau zama za ta yi mu gode mata."

Kafin ta buɗe baki an zaunar da ita a kujera. Kawehi ce ta fara, ta rataya mata farar lei mai ƙanshi ta sumbace ta a kumatu. Sai wata mata da goyo, wadda ta taso tun daga Hilo, can wani tsibirin. Sai wani ƙaton ɗan kwana-kwana da ta taɓa share wa majina a cikin ruwa. Sai wasu 'yan biyu da yanzu suke can Las Vegas, sai malamar makaranta, sai wata da ta zama gwanar hawa har ana ganinta a talabijin. Kowa da abin da yake tunawa. Wani ya ce ita ta fara gaya masa ya iya wani abu a duniya. Wata ta ce, "Anti, ranar nan ba igiyar ce na tuna ba, shinkafar da kika ba ni bayan na fito ce." Furanni suka hau kafaɗa, suka rufe wuya, suka kai haɓa, suka kai hanci, har sai da ta riƙa ɗaga kai kafin ta ga mai zuwa. Ta yi kuka sosai, kukan daɗi, hawaye yana gangarawa cikin furanni. Ba ta taɓa sanin suna da yawa haka ba. Ita da aka sha yi wa jajen rashin haihuwa, ga rumfa ta cika ta batse da mutane suna kiranta Anti da muryar da ake kiran uwa.

Sai da kukan ya lafa ta lura da wani abu. An gama ratayawa, amma ba wanda ya tashi. Ƙanshin kaza yana ta busowa, ɗan kwana-kwanan nan da ba ya wasa da ciki yana zaune daram a gabanta ya naɗe ƙafa. 'Yan biyu ɗaya a dama ɗaya a hagu. Kawehi kuwa ta ƙura wa yashi ido kamar ta yar da allura.

"Kawehi."

"Na'am, Anti."

"Wannan aikin naki ne ko na wancan tsohon?"

"Wane aiki, Anti?"

Ta ɗaga murya daga cikin furanni. "Palani, ka san inda za ka ci abincin yamma?"

Lasifika ta yi shiru na ɗan lokaci, abin da ba a taɓa ji ba a Awaiki. Sannan Kawu Palani ya ce, a hankali, "'Yan ƙanana, rukuni na gaba, a shirya."

Ta leƙa ta saman furannin. Can bakin ruwa yara sun jeru, kowa da babbansa a gefe. Pomai tana ƙarshen layi ita kaɗai, allon aro a kwance kusa da ita. Ba ta kuka, ba ta kiran kowa. Rumfar kawai take kallo. Da ta ga Anti a zaune cikin tulin furanni, sai ta durƙusa ta fara kwance maɗaurin allon daga idon sawunta. Anti Iwalani ta san irin wannan yaron. Ba ya rigima, tattara kayansa yake ya tafi, kuma ba ya dawowa.

Ta dubi mutanen da ke kewaye da ita. In ta cire furannin nan ta wulaƙanta wanda ya hau jirgi ya zo dominta. In ta zauna ta yi wa yarinya ƙarya. Sai ta dafa gwiwa ta miƙe, furanni suna rawa a jikinta.

"'Ya'yana, na gode. Ban san da bakin da zan gode muku ba. Ba zan cire ko ɗaya ba." Ta numfasa. "Amma sun yi mini yawa ni kaɗai. Wadda ta tura ni, har na zo na tura ku, ta yi shekaru tana hawa cikin maza ba wanda ya taɓa rataya mata ko ganye. Tana can inda muka zuba ta. Ku raka ni mu kai mata. Kowa ya zo ya tsinke zaren da ya kitsa da kansa, ya ɗaure abinsa a hannu, kar kunkuru ya zage mu."

Wa zai ce a'a? Mayar da furanni ga teku ba raini ba ne, balle ga Anti Momi. Kawehi ma dole ta miƙe. Haka suka bi ta a baya, manya da tufafinsu na biki, suka shiga ruwa har ƙugu. Wuƙar aljihun ɗan kwana-kwana ta zaga hannu zuwa hannu. Kowa ya lalubo tasa a wuyanta ya tsinke, furanni suna zubowa ta kafaɗunta, fari da ja da ruwan ɗorawa, ruwa yana kwashewa yana bazawa, har gaban Awaiki ya zama kamar an shimfiɗa atamfa.

Da wuyanta ya zama fayau, ta juya ta ɗaga hannun hagu. "Pomai. Mayar da maɗaurin nan ki zo, ana jiranmu."

Yarinyar ta zo tana jan allo cikin furanni, ta kwanta a kai. Anti ta zagaya baya, ta ɗora hannun hagu a gindin allon. Ta zo ɗaga na dama, sai ya tsaya a rabin hanya. Ta cije leɓe ta sake gwadawa. Ya ƙi.

Kawehi tana gefenta, ruwa har ƙirji, rigarta ta biki ta manne mata. Ta yi ƙasa da murya. "Anti, kin ci mu a furanni. Amma kafaɗar nan ba ta san kin yi alkawari ba."

Anti Iwalani ba ta yi musu ba, don gaskiya ce, kuma ta san da hannu ɗaya allon karkacewa zai yi, a maimaita abin bara. Ta sunkuya kusa da kunnen yarinyar.

"Pomai, saurara. Hannuna ɗaya ya mutu, ba zan ɓoye miki ba. Ga ɗayan nan a kan allonki, kin ji shi?" Ta bubbuga. "Ni zan zaɓi igiyar, ni zan ce yanzu. Wannan Antin aron ƙarfi kawai za ta ba ni. Ita ma ni na tura ta, tana kuka da majina."

"Ban yi kuka ba," in ji Kawehi.

"Har da kiran mama."

Pomai ta waiwayo ta dubi hannun da ke kan allonta, ta dubi Kawehi, ta daɗe. "Ba za ki cire hannun ba?"

"Sai igiya ta karɓe ki daga wurina."

Yarinyar ta mai da haɓarta kan allo.

Igiya ta taso, sauran manya suka tura nasu. Kawehi ta ɗaure jiki za ta tura, Anti ta ce, "Bar ta, wannan mai faɗa ce." Wata ta zo, kyakkyawa a ido. "Bar ta." Kawehi ta fara duban bakin ruwa, don lokacin rukunin yana tafiya.

"Anti, ta yaya kike ganewa?"

"Daina kallo. Ji diddigenki. In ruwa ya fara jan yashi daga ƙarƙashinsa a hankali, kamar ana zare miki tabarma, ita ce. In ya fizga, ki bar ta ta wuce. Haka aka gaya mini a daidai nan."

Suka tsaya, hannu uku a kan allo ɗaya. Can sai Kawehi ta ji shi, yashi yana silalewa daga ƙarƙashin ƙafarta. Ta juyo da ido a buɗe.

"Pomai, kalli duwatsun can na tudu, kar ki kalli ƙafarki," in ji Anti. "Yanzu."

Allon ya fita sumul. Yarinyar ta ɗago ta yi gwiwa biyu, ta tsaya a haka har aka ɗauka a nan za ta ƙare. Sai ƙafa ɗaya ta tashi, sai ɗayar. Ta miƙe a karkace, hannuwa a baje, ido a kan duwatsun Waianae, allon yana tsaga furanni gida biyu. Ba ta daɗe ba, kusa da gaɓa ta faɗa ruwa mara zurfi. Ta ɗago kai da fure manne a goshi, ta tofar da ruwa, ta kamo allonta ta juyo da shi wajen teku.

"Anti, a sake."

A rukuninsu ta huɗu ta zo. Kawu Palani ya sanar a lasifika cewa matsayin ya zauna a gidansu, ba ya fita. An ce duk da haka ya samu abincin yamma, amma shi ya wanke kwanuka.

Har yau in kun je Awaiki ranar gasa za ku ga jar hular a cikin ruwa. Ba ta ƙara tura kowa ba, Kawehi ta kafa ta tsare a kan wannan, ita ma ta bari. Tsayawa take da hannun hagu a kan allo, wasu daga cikin tsofaffin 'ya'yanta suna karɓa-karɓa wajen ba ta aron ƙarfi, kuma yanzu sau da yawa kafin ta ce yanzu sun riga sun ji a diddigensu. Zaren da suka tsinke ranar, akwai masu ajiye nasu har gobe. In an gode mata sai ta nuna can bayan inda igiya ke fashewa, ta ce a kai godiyar can.

To ku da kuke zaune nan, ranar da kuka fara miƙewa da ƙafarku a kan ko mene ne, hannun wa ke bayanku, kuma kun taɓa waiwayawa kuka gaya masa?